Yadda Ake Haɗa Ruwan Jini Mai Yalwar Filatilet Daga Jinin Ɓerayen Gwaji da Yadda Ake Adana Shi

Filatilet su ne ƙananan ƙwayoyin da ɓargo ke zubawa cikin jini, waɗanda ke fara toshe rauni da zarar jijiya ta tsage. Bayan sun toshe wurin, sai su amayar da sinadaran da ke ƙunshe a cikinsu, irin su PDGF da TGF-β da VEGF da EGF, waɗanda ke kiran sauran ƙwayoyin jiki su zo aikin gyara. Wannan ne ya sa masu binciken warkewar gyambo da ɗorin ƙashi da gyaran guringuntsi ke tace jini su ware ruwansa tare da filatilet masu yawa, abin da aka sani a ɗakunan gwaje-gwaje da PRP. Yawancin irin wannan bincike a kan ɓera yake farawa, ko dai ƙaramin ɓera, wato Mus musculus, ko babban ɓera, wato Rattus norvegicus.

Wanda ya saba da jinin mutum zai ga abubuwa sun bambanta. Ƙaramin ɓera mai nauyin giram 25 duk jinin jikinsa bai wuce mililita 1.5 zuwa 2 ba, babban ɓera mai giram 250 kuwa yana da wajen mililita 16. Filatilet ɗinsu sun fi na mutum ƙanƙanta, amma sun fi su yawa nesa ba kusa ba: mutum yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita, ƙaramin ɓera kuwa yakan kai miliyan 1 ko ya wuce, babban ɓera ma yana kusa da haka. Ma'aunin da likitan tiyatar baki Robert Marx ya bayar a 2001, cewa PRP shi ne ruwan jinin da ya kai filatilet miliyan 1 a maikurolita, domin mutum ya bayar da shi. Idan aka ɗora shi a kan ɓera, jinin da ba a ko taɓa ba ma ya cika sharaɗin. Saboda haka a jinin ɓera abin dubawa shi ne ninki nawa aka samu a kan adadin asali, kuma ba za a san haka ba sai an ƙirga. A ganina, ruwan da ba a ƙirga filatilet ɗinsa ba bai cancanci a kira shi PRP a rubuce ba, komai kyan launinsa.

Abin da za a tsayar kafin a taɓa dabba

Ba a fara wannan aiki sai da amincewar kwamitin kula da ɗa'ar binciken dabbobi na cibiyar da ake aiki, kuma wanda zai ɗebi jinin ya zama an horar da shi an tabbatar da hannunsa. Ƙa'idojin da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959, wato a musanya dabba da wata hanya idan da hali, a rage yawan dabbobi, a sauƙaƙa musu wahala, suna da alaƙa kai tsaye da ingancin aikin, domin duk samfurin da ya daskare ko ya lalace saboda sakaci yana nufin za a sake sadaukar da wata dabbar.

Sai a tsayar da abin da ake nema. Idan filatilet rayayyu ake so, waɗanda za a auna yadda suke manne wa juna ko a zuba su a rauni nan take, dole ranar ɗibar jini ta zama ita ce ranar gwaji. Idan kuwa sinadaran cikinsu kawai ake buƙata, ana iya tarawa a daskarar a ajiye. Wannan shawara tana shafar kowane mataki, kuma ba a yanke ta bayan an gama tacewa.

Da wuya a ɗebi jinin ƙaramin ɓera a haɗa masa PRP nasa na kansa, domin abin da aka yarda a ɗiba daga dabbar da za ta ci gaba da rayuwa bai wuce kashi 10 cikin ɗari na jininta a lokaci ɗaya ba, sannan a ba ta makonni biyu zuwa uku ta farfaɗo. A ƙaramin ɓera wannan bai wuce mililita 0.2 ba. Don haka aka saba keɓe dabbobi masu bayar da jini, a haɗa na da dama wuri ɗaya. A nan gara a zaɓi zuriyar da aka daɗe ana haɗa ta da juna har halittarta ta zama iri ɗaya, kamar C57BL/6 ko BALB/c a ƙananan ɓeraye, da Lewis ko Fischer 344 a manya, domin jikin mai karɓa kada ya ɗauki abin a matsayin baƙo. Wistar da Sprague Dawley ba haka suke ba, kuma wanda ya yi amfani da su ya kamata ya faɗi hakan a rahotonsa. Masu bayarwa su zama lafiyayyu, jinsi ɗaya, masu kusancin kwanaki, waɗanda ba a ba su asfirin ko wani maganin kumburi danginsa ba, tun da waɗannan magunguna suna dakushe aikin filatilet.

Kayan aiki duk na roba ne, musamman folifirofilin. Gilashi yana tayar da daskarewar jini, don haka a nisanci kwalaben gilashi da siraran bututun gilashi sai dai waɗanda aka shafe cikinsu da silikon. Kawunan mazuƙi, wato abin zuƙar ruwa da awo, su zama masu faɗin baki, ko a datse bakinsu da almakashi mai tsabta. Idan za a mayar da ruwan jikin dabba ko cikin ƙwayoyin da ake reno, komai ya zama an kashe masa ƙwayoyin cuta, kuma a buɗe kwalabe a cikin akwatin aiki mai tace iska.

Maganin hana daskarewa

Biyu ne aka fi dogara da su. Na farko shi ne sodiyam sitiret mai ƙarfin kashi 3.2 ko 3.8 cikin ɗari, kaso 1 na magani ga kaso 9 na jini. Na biyu shi ne ACD, haɗin sitiret da asid ɗin sitirik da gulukos, wanda aka saba sa wajen kaso 1 ga kaso 6 na jini. Dukansu suna kame kalsiyam ɗin da daskarewa ke buƙata, kuma ana iya warware aikinsu daga baya ta hanyar mayar da kalsiyam. Na fi karkata ga ACD idan za a yi juyi biyu, wato a sa jinin sau biyu a na'urar da ke juya shi ta raba shi, domin ɗan tsamin da yake ƙara wa ruwan yana hana filatilet manne wa juna sa'ad da suka cunkushe a gindin kwalba. Idan gwajin mannewa za a yi a cikin ruwan jinin kai tsaye, sitiret ya fi dacewa.

EDTA, wani maganin hana daskarewar, yana kumbura filatilet kuma yana lalata furotin ɗin bayansu da suke kama juna da shi, don haka amfaninsa ya tsaya ga ɗan samfurin da za a ƙirga. Hefarin kuwa, wanda shi ma maganin hana daskarewa ne, yakan sa su curewa.

Ɗibar jini

Wannan shi ne matakin da mafi yawan ayyuka ke lalacewa, kuma lalacewar ba ta cika bayyana ga ido ba. Filatilet an halicce su ne su farka da zarar sun taɓa tsokar da ta ji rauni, ko aka ja su da ƙarfi ta ƙuntataccen wuri, ko suka haɗu da kumfa. Wanda ya farka a cikin sirinji ya riga ya zubar da kayansa, kuma babu juyin da zai mayar da su. Saboda wannan ne jinin da aka tatsa daga yankakken wutsiya ko kumatu ko bayan ido bai dace da wannan aiki ba, tun da yana bi ta kan nama kafin ya isa kwalba.

A fara zuƙar maganin hana daskarewa a cikin sirinji, a ja shi ya jiƙa bakin allura da bangon sirinjin, a fitar da iska. Ga ƙaramin ɓera ana amfani da sirinjin mililita 1 da allura mai lamba 23G zuwa 25G, ga babba kuwa sirinjin mililita 10 da allura 21G zuwa 23G. A sa dabbar barci mai zurfi da aisofuluren ko haɗin ketamin da zailazin kamar yadda aka amince a tsarin binciken, a kwantar da ita rigingine a kan abin ɗumama jiki, a matse yatsar ƙafarta a tabbatar ba ta motsa ba. Ana ɗibar jinin ne zuciya tana bugawa, domin na dabbar da ta riga ta mutu yakan fara daskarewa kuma ba ya fitowa da yawa.

Hanyoyi biyu ne, kuma dukansu dabbar ba ta tashi bayansu. Ta zuciya, ana soka allura ƙarƙashin ƙarshen ƙashin ƙirji, ɗan gefen hagu, a kwance-kwance, ana ɗan jan sirinji har jini ya bayyana, sai a tsayar da hannu cak. Ta babbar jijiyar ciki mai mayar da jini zuwa zuciya kuwa, ana buɗe ciki, a kawar da hanji gefe, a soka allura a jijiyar daidai tsakanin ƙodoji. Hanya ta biyu ta fi ɗaukar lokaci, amma mai aiki yana ganin abin da yake sokawa, kuma sau da yawa jininta ya fi tsabta. Ko wacce aka bi, a ja a hankali, a bar jini ya cika da bugun zuciya. Idan ya tsaya, a ɗan juya allurar ko a dakata, kada a yi ta lalube a cikin ƙirji. Gwanin hannu yakan samu mililita 0.7 zuwa 1 daga ƙaramin ɓera, da wajen mililita 8 zuwa 10 daga babba. Da an gama, a ƙarasa dabbar ta hanyar da aka amince kafin maganin barci ya sake ta, kuma a tabbatar ta mutu.

A cire allurar a jefa ta a mazubin kaifafa, sannan a zuba jinin a hankali ta jikin bangon kwalba. Tura jini ta bakin allura yana fasa jajayen ƙwayoyi. A rufe, a kifa kwalbar a hankali sau biyar ko shida, kada a girgiza. A duba ma'auni: idan an zuƙi mililita 0.1 na sitiret da niyyar samun 0.9 na jini amma aka samu rabin haka, maganin ya yi yawa, kuma sakamakon zai karkace. Kafin a haɗa jinin dabbobi da dama, a duba kowane ɗaya shi kaɗai. Wanda aka ga gudan jini a cikinsa, ko da ƙanƙani ne, a ware shi, domin zai tayar da sauran. Daga nan a ɗebi maikurolita 20 zuwa 50 a ajiye domin ƙirgen asali, kuma a shiga juyi cikin sa'a ɗaya.

Juyi na farko

Na'urar juya jini, wato santirifuj, a saita ta a digiri 20 zuwa 24 na ma'aunin Salshiyas. Mai sanyaya ciki a tabbatar ba a bar ta a digiri 4 ba. Wadda mazubanta ke buɗewa su miƙe sa'ad da take juyawa ta fi mai kafaffen kusurwa, domin tana fitar da layuka a miƙe. A daidaita nauyin kwalabe, kuma a kashe birki, saboda tsayawa da ƙarfi na dama abin da aka raba.

Akwai kuskuren da ya yaɗu a rubuce-rubuce, wato faɗin gudun na'ura da yawan juyi a minti ba tare da faɗin girman na'urar ba. Abin da ke raba jini shi ne ƙarfin jifa, wanda ake aunawa da g, kuma ana samunsa ta ninka 0.00001118 da tsawon hannun na'ura a santimita, sannan a ninka da yawan juyi a minti, a kuma sake ninkawa da shi. Juyi 1,100 a minti a na'ura mai hannun santimita 15 yana ba da wajen g 200, amma a mai santimita 8 bai wuce g 108 ba. Wanda ya kwafi lambar juyi daga aikin wani ba tare da wannan lissafi ba, wani abu daban yake haɗawa bai sani ba.

Ga jinin babban ɓera, g 150 zuwa 200 na minti 10 mafari ne mai kyau. Ga na ƙarami, wanda ke cikin ƙananan kwalabe, a fara da g 100 zuwa 150 na minti 5 zuwa 10. Waɗannan lambobi na farawa ne, kuma kowane ɗakin gwaji ya gyara su da ƙirge har ya samu abin da ya dace da na'urarsa. Wasu sukan sirka jinin ƙaramin ɓera da ruwan Tyrode, wani haɗaɗɗen ruwan gishiri na ɗakin gwaji, domin a samu abin zuƙa, kuma hakan yana ƙara yawan filatilet da ake tsira da su, sai dai ruwan da ya fito ba tsantsar ruwan jini ba ne, kuma wajibi ne a faɗi hakan.

Bayan na'ura ta tsaya da kanta za a ga kashi uku: jajayen ƙwayoyi a ƙasa, siririn farin layi na fararen ƙwayoyi a tsakiya, da ruwa mai ɗorawa-ɗorawa mai duhu-duhu a sama. Wannan duhun shi ne filatilet. Idan ruwan ya fito garau, juyin ya yi ƙarfi, sun sauka ƙasa. Idan ya yi ja-ja, jajayen ƙwayoyi sun fashe, kuma abin da suka zubar yana tayar da filatilet. A zuƙi ruwan sama a hankali, bakin mazuƙi yana bin saman ruwa yana sauka tare da shi. Mai son filatilet zalla ya tsaya a kashi biyu cikin uku na sama. Mai son su tare da fararen ƙwayoyi ya haɗa da farin layin. Rabe-raben da Dohan Ehrenfest da abokan aikinsa suka yi a 2009 ya bambanta waɗannan biyu, kuma bambancin na gaske ne, domin fararen ƙwayoyi suna kawo nasu sinadaran na kumburi. A tuna kuma cewa fararen ƙwayoyin ɓera mafi yawansu limfosait ne, alhali na mutum nutirofil ne suka fi yawa, don haka abin da aka gani a ɓera ba lallai ya zama haka a mutum ba.

Juyi na biyu da ƙirge

Domin a ninka yawansu, a juya ruwan da aka zuƙa a g 500 zuwa 800 na minti 10. Filatilet za su kwanta a gindi a matsayin ɗan farin dunƙule. Ƙarfin da ya wuce kima yana matse su har su manne su ƙi warwarewa. Wanda zai wanke su domin gwajin aikinsu yakan ƙara furostasaikilin da afires, masu hana filatilet farkawa, kafin wannan juyi domin su zauna lafiya. A zuƙe ruwan sama, wanda yanzu ya zama mai ƙarancin filatilet, a ajiye shi a wata kwalba. Kada a zubar, domin da shi za a sirka, kuma shi ne ya fi dacewa a ba rukunin dabbobin da za a kwatanta da su. A bar dunƙulen ya huta minti 10 zuwa 15 da ɗan ruwa a kansa, sannan a warware shi da mazuƙi mai faɗin baki a hankali, ba tare da kumfa ba. Idan aka ɗaga kwalbar ga haske aka ɗan karkata ta, lafiyayyun filatilet suna yin wani sheƙi mai murɗawa, saboda har yanzu suna da siffarsu ta faifai.

Lissafin yawan ruwan da za a warware su a ciki mai sauƙi ne. A ƙaddara an ɗebi mililita 9 na jinin da ke da filatilet 900,000 a maikurolita, wato biliyan 8.1 gaba ɗaya. Idan rabi ne suka tsira, an samu wajen biliyan 4. A warware su a mililita 1, sai a samu miliyan 4 a maikurolita, ninki huɗu da rabi ke nan. Ya fi kyau a fara warwarewa a ɗan ruwa kaɗan, a ƙirga, sannan a sirka zuwa adadin da aka tsayar, ta yadda kowace dabba za ta samu abu iri ɗaya.

Ana ƙirge da na'urar ƙirgen jini ta dabbobi wadda aka saita ga nau'in ɓeran, domin wadda aka yi wa mutum takan tsallake ƙananan filatilet na ɓera. Inda babu ita, faifan ƙirge na Neubauer ya wadatar: a sirka samfurin da amoniyam okzalet kashi 1 cikin ɗari, a cika faifan, a bar shi minti 10 zuwa 15 a rufaffen wuri mai danshi su kwanta, sannan a ƙirga a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu. A ƙirga jajaye da fararen ƙwayoyin da suka saura su ma. Curarrun filatilet suna rage adadi a ƙarya, kuma ganinsu alama ce cewa an tayar da su. Mai na'urar tantance ƙwayoyi da haske yana iya auna CD62P, furotin da ke bayyana a jikin filatilet idan sun farka, ya san kashi nawa suka farka.

Idan tsarin binciken ya buƙaci a tayar da su da gangan, ana ƙara kalsiyam kulorayid mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, wajen kaso 1 ga kaso 10 na PRP, a ajiye a digiri 37 har ya daskare. Tirombin, furotin da ke sa jini ya daskare, ya fi sauri ƙwarai, amma na shanu baƙon furotin ne a jikin ɓera. Ana iya ɗora daskararren a kan rauni, ko a juya shi a kwashi ruwan da ya tsatso.

Adanawa

Filatilet rayayyu a zafin ɗaki ake ajiye su, digiri 20 zuwa 24, a rufaffiyar kwalbar roba, a bar su su huta kamar rabin sa'a bayan juyi, kuma a gama amfani da su cikin sa'o'i huɗu daga ɗibar jini. Hankali yakan raya wa mutum cewa firiji ya fi aminci, amma tun 1969 Murphy da Gardner suka nuna cewa filatilet da aka sanyaya ba sa daɗewa a jiki. Sanyi yana ɓata siffarsu, yana tattara furotin GPIb a bayansu, sai hanta ta kwashe su da sauri. Gaskiya ne bankunan jini suna ajiye na mutum kwana 5 zuwa 7, amma a cikin jakunkuna na musamman masu shigar da iskar oksijin, a kan na'ura mai rausaya su dare da rana. A toshasshiyar ƙaramar kwalba iska tana ƙarewa, tsami yana taruwa, ƙwayoyin cuta kuma suna samun wurin yaɗuwa.

Daskarewa a firiza kuwa tana fasa su. Wannan ba aibu ba ne idan sinadaran ake nema, amma abin da aka narkar ya daina zama PRP mai rai, kuma a rubuce a kira shi da sunansa, wato ruwan fasassun filatilet. Hanyarsa ita ce a daskarar a digiri 80 ƙasa da sifili, a narkar a digiri 37, a maimaita sau biyu ko uku, a juya da ƙarfi, kamar g 10,000 na minti 10, domin ɓarɓashi ya kwanta, sannan a tace ruwan da matacin maikuromita 0.22. A wannan mataki sanyi ba ya cutarwa. A raba shi ƙananan kaso, kowanne na amfani ɗaya, a mayar digiri 80 ƙasa da sifili, inda yake zama watanni. Firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili ta ɗan gajeren lokaci ce, kuma a guji mai narkar da ƙanƙararta da kanta, domin zafinta yana hawa yana sauka. Akwai hanyar daskarar da filatilet da DMSO, sinadarin da ke kare ƙwayoyi daga illar ƙanƙara, kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari domin wasu su tsira da siffarsu, amma ba sa dawowa yadda suke, kuma sai an rage DMSO kafin a sa wa dabba.

A jikin kowace kwalba, da alƙalamin da sanyi ba ya gogewa, a rubuta ranar haɗawa, zuriyar dabba da jinsinta, adadin dabbobin da aka haɗa, maganin hana daskarewa, da adadin filatilet kafin daskarewa, domin bayan sun fashe babu sauran abin ƙirgawa. A littafin aiki a ƙara ƙarfin kowane juyi da g, tsawon lokacinsa, zafin na'ura, da ƙirgen asali. Waɗannan ne mai karanta rahoto zai buƙata idan yana son ya maimaita aikin, kuma ƙa'idojin ARRIVE da aka sabunta a 2020 suna neman irin wannan cikakken bayani a duk binciken da ya shafi dabbobi.

Ranar amfani, a narkar da kaso ɗaya da sauri a ruwan ɗumi mai digiri 37, domin narkewa a hankali cikin firiji tana sa wasu furotin na ruwan jini su cure su kwanta. Idan aka ga zare-zare a ciki, a ɗan juya shi a kwashi na sama. Wanda zai zuba shi a ruwan renon ƙwayoyi ya ƙara hefarin wajen yunit 2 a kowace mililita, in ba haka ba kalsiyam ɗin da ke cikin ruwan renon zai daskarar da shi. Abin da ya rage bayan gwaji a zubar da shi tare da sauran sharar jini, kada a sake mayar da shi firiza.